Irin Bishiyar da Ka Dasa da Halin Ƙasarka Bayan Shekara 20: Amsa ga Mai Gona a Epe

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune a Agege. Na sayi gona eka 2 a wajen Epe. Kusan rabinta tsohon mai wurin ya dasa malaina, sun kai shekara 10. Ina so in cike sauran da turare ko tik saboda katako, bayan shekara 15 ko 20 a sare, yara su yi noma a wurin. To wani maƙwabcina ya ce turare kashe ƙasa yake yi, wani kuma ya ce kowace bishiya taki ce. Mu dai a gida mun san gindin gawo ya fi ko'ina gero. Shin da gaske irin bishiyar da aka dasa na canza ƙasa? Wacce zan dasa, wacce zan guje wa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a wannan gona. In na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne wace irin ƙasa yara za su tarar ranar da aka kwashe katakon. Gaskiya ne bishiya na canza ƙasa, kuma iri ya bambanta da iri. Sai dai maƙwabtan naka kowa ya riƙe rabin magana ne. Sunan bishiyar ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Akwai halin ƙasar tun kafin a dasa, akwai kuma abin da kake fitarwa daga gonar da abin da kake bari a cikinta, wanda a ƙasa irin ta Legas sau da yawa ya fi sunan bishiyar nauyi.

Ƙasar da kake kai

A manta da jigawar gida tukuna. Legas na samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Wannan ruwa ya daɗe yana wanke ƙasar, yana gangarawa da kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam zuwa inda saiwar masara ba ta kaiwa. Shi ya sa yawancin ƙasar tudu daga Ikorodu zuwa Epe, ja ce ko rairayi, tana da tsami. A ma'aunin pH, wanda 7 ce tsakiyarsa, za ka fi samunta tsakanin 4.5 da 5.5. Ɗan yumɓun da ke cikinta ma ba mai riƙe abinci ba ne, don haka mafi yawan ƙarfinta yana cikin ruɓaɓɓen ganyen da ke sama, taƙi ɗaya na hannu ko ƙasa da haka.

Lambar 5.5 ɗin nan ka riƙe ta. Idan pH ya sauka ƙasa da ita, alminiyam da ke kwance a ƙasa yakan fara narkewa, kuma guba ne ga saiwa. Ka tumɓuke masarar da ta tsumbure a irin wannan wuri ka duba: saiwoyin gajeru ne, masu kauri, bakinsu ya yi ruwan ƙasa kamar an ƙona, babu ƙananan gashin nan da ke shan ruwa. A wannan tsami kuma fosfaras yakan maƙale wa ƙarfe da alminiyam, ka zuba NPK amma shuka ta kasa cin rabonta. Rogo da abarba suna jurewa, masara da wake da yawancin kayan lambu ba sa so. Wato kana tsaye a bakin gaɓa ne tun kafin ka dasa komai, ɗan motsi kaɗan sama ko ƙasa zai nuna a amfanin gona.

Yadda bishiya ke juya ƙasa

Ban da naitrojin da wasu itatuwa ke kamowa daga iska, da ruɓaɓɓen ganye da kowace ke tarawa, bishiya ba ta ƙirƙirar abincin ƙasa. Guga ce: tana zura saiwa can ƙasa ta ɗebo kalsiyam da fotasiyam, ta kai su ganye, ganyen ya zuba ya ruɓe a sama. In rijiyar da ruwa guga ta fito a cike, in kuwa ƙasan ma rairayi ne wankakke, abin da za ta ɗebo kaɗan ne. Wannan ne dalilin da ya sa bishiya ɗaya za ta gyara gonar wani, ta bar ta wani yadda ta same ta.

Kuma ɗiban ba kyauta ba ne. Duk lokacin da saiwa ta sha kalsiyam ko fotasiyam, tana sakin ɗan tsami a madadinsa. Idan ganyen ya dawo ya ruɓe a wurin, ya biya bashin. Idan kuwa abin ya tafi cikin gungume da ɓawo aka loda a mota zuwa kasuwar katako, tsamin ya zauna, abincin ya tafi. Saboda haka ƙasar sama kan iya gyaruwa alhali ta ƙasa, daga santimita 20 zuwa 60, tana ƙara tsami a ɓoye.

Abu na biyu shi ne irin ganyen, kuma a nan ne iri ya fi bambanta da iri. Ganye mai yawan kalsiyam, mai laushi, tsutsar tana da sauran ƙwarin ƙasa na cinye shi da wuri su cakuɗa shi da ƙasa. Ganye mai tauri, mai mai ko ƙaro, yakan kwanta a sama ya daɗe, ruwan da ya ratsa shi ya sauka da tsami. An gwada wannan a fili a Siemianice ta ƙasar Folan, inda aka dasa iri 14 na itatuwa a 1970 da 1971, kowanne a nasa yanki, duk a kan ƙasa iri ɗaya. Bayan kusan shekara 30 aka tarar ƙasar ta rarrabu: gindin itatuwa masu kalsiyam a ganye tsami ya ragu, tana ta yi yawa, gindin masu ƙarancin kalsiyam a ganye kuwa akasin haka. Itatuwan ba irin namu ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Idan aka haɗa binciken ƙasashe da yawa a kan filayen da aka mayar gandun itatuwa, matsakaicin abin da ake gani shi ne pH ya sauka da kimanin 0.3, kuma turare da fayin, wato bishiyar nan mai ganye kamar allura, su ne kan gaba. Kar ka raina 0.3. Ma'aunin ninkawa yake yi, saukar maki ɗaya tsami ne ninki 10, don haka 0.3 daidai yake da tsami ya ninka biyu. Mai ƙasa a 6.5 ba zai ji komai ba. Mai ƙasa a 5.3, kamar yadda taka za ta iya kasancewa, ya ƙara faɗawa hannun alminiyam.

Akwai wani misali daga tashar bincike ta Rothamsted a Ingila da ke nuna nauyin asalin ƙasa. An bar gonaki biyu a shekarun 1880 suka koma daji. Ɗaya, wadda ake kira Geescroft, ta sauka daga wajen 7 zuwa ƙasa da 4.5 cikin shekara 100 da 'yan kai, ko da yake hayaƙin masana'antu ya taimaka. Ɗayar, wadda magabata suka zuba wa farin dutse mai kashe tsami da yawa tun tana gona, ba ta yi tsami ba.

Itatuwan da ka ambata

Malaina, a ganina, ita ce sa'arka a wannan ciniki. Tana cikin itatuwan da ke jan kalsiyam sosai, ganyenta na zuba da rani ya ruɓe cikin 'yan watanni, kuma a wurare da yawa an ga ƙasar sama a gindinta ta fi ta gindin fayin kalsiyam da ƙarancin tsami. Ba baƙuwa ba ce a yankinku: dubban hektocin da aka dasa a gandun dajin Omo na Jihar Ogun saboda kamfanin takarda na Iwopin mafi yawansu ita ce. Inda take cutarwa shi ne wajen sara. Mai cin kalsiyam da yawa, da yawa yake tafiya da shi. In ana sare ta duk shekara 6 ko 7 ana kwashewa har ɓawo da rassa, zagaye na biyu da na uku ba sa kai na farko. Ka kuma sani kututturenta na sake tofo da ƙarfi, cire shi aiki ne mai cin kuɗi, sai a sa shi cikin lissafi tun yanzu.

Tik ma mai son kalsiyam ne, ganyensa ba ya sa tsami. Matsalarsa daban ce. Faffaɗan ganyen nan yana tara ruwan sama ya sako shi da manyan ɗigo daga sama, inuwarsa kuma ta hana ciyawa fitowa, sai ƙasa ta zauna tsirara ɗigon na dukanta. A wuri mai gangare ƙasar saman da kake taƙama da ita ita ce ke bin ruwa. Da rani kuma busasshen ganyensa makamashi ne, wuta ɗaya ta cinye tarin shekara. Ba ya son rairayi mai tsami sosai, ba ya son inda ruwa ke kwanciya, kuma a shekara 15 bai gama zama katakon kirki ba, ya fi son 20 zuwa sama.

Sai turare. Maƙwabcinka na da hujja, amma ya haɗa abu biyu wuri ɗaya. Abin da manomi ke gani da ido, wato shuka ta ƙi yi kusa da layin turare, yawanci gasar ruwa ce da abinci da inuwa, domin saiwarsa na bazuwa nesa kuma yana girma da sauri. Wannan na ƙarewa in an sare shi an kashe kututturen. Abin da ke daɗewa shi ne wanda ba a gani: ganyensa mai tauri ne, mai mai, yana jinkirin ruɓa, ɓawonsa kuma na riƙe kaso mai tsoka na kalsiyam ɗin da bishiyar ta sha. A Filato, inda aka dasa turare a kan ƙasar da haƙar kuza ta ɓata, bincike ya nuna ruɓaɓɓen ganye ya ƙaru amma tsami ma ya ƙaru, abincin ƙasa ya ragu. Ba kashe ƙasa yake yi har abada ba, ana gyarawa, sai dai gyaran kuɗi ne. A filin da ake nufin a mayar gonar abinci, kuma ƙasarsa dama mai tsami ce, ba zan ba ka shawarar cike eka guda da shi ba. In kana son sandunan rufi, layi ɗaya a kan iyaka ya isa, nesa da kayan lambu da kamar mita 10, a haƙa rami mai zurfin santimita 60 tsakaninsu a riƙa datse saiwar da ta ƙetaro.

Gawo kuwa a bar shi a gida. Sirrinsa shi ne yana zubar da ganye da damina ya yi tofo da rani, ga naitrojin da yake kamowa, ga kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa. Bishiyar ƙasar rani ce, ba ta dace da damunar Legas ba. Darbejiya ta fi shi jure kudu. An kawo ta Borno a 1928, kuma wani bincike da aka buga a 1969 a kan jan rairayin Sakkwato ya nuna ta rage tsami ta ƙara kalsiyam a ƙasar sama. Sai dai can ruwa kaɗan ne, abin da ta ɗebo yana zama. A Epe ruwa zai riƙa wanke wani kaso, don haka kar a sa ran ganin irin wancan sakamako cif.

Masu kamo naitrojin, da inda suke yaudara

Tun shekarun 1970 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi aiki mai yawa a kan noma tsakanin layukan itatuwa, musamman lusina da gilirisidiya, wadda Yarabawan da ke kewaye da kai ke kira agunmaniye. Ana sare rassansu a shimfiɗa ganyen a gona, kuma a ƙasa mai kyau hekta ɗaya na iya samun fiye da kilo 100 na naitrojin a shekara ta wannan hanya. Amma da aka kai lusina tashar Onne kusa da Fatakwal, inda ƙasa ke da tsami sosai, ba ta yi abin kirki ba. Ita ma alminiyam na damunta.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa manoma ba: mai kamo naitrojin na iya ƙara tsami. Idan naitrojin ya fi ƙarfin abin da shuka ke ci, ruwa na wanke ragowar, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, yana jan kalsiyam da magnesiyam. An ga haka a Mampu kusa da Kinshasa, inda aka dasa dubban hektoci na akeshiya a kan rairayi ana yin gawayi da noman rogo: naitrojin da ruɓaɓɓen ganye sun ƙaru, tsami ma ya ƙaru. Don haka ganyen agunmaniye a zuba shi lokacin da akwai shuka a gona da za ta ci, ba a kan fili tsirara a tsakiyar watan Yuni ba.

Abin da zan ce ka yi

Kafin ka sayi dashe ko ɗaya, ka haƙa rami mai zurfin mita 1 a wuri biyu ko uku cikin watan Yuli. In ruwa ya taru a ciki ya kwana, tik ya fita daga lissafi. Ka duba ko akwai baƙar ƙasar sama ma, domin filaye da yawa a wannan yanki masu tifa sun kankare su kafin a sayar. In kuma wani ɓangare na gonar fadama ce ta bakin lagun mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kar ka yi saurin janye mata ruwa, irin wannan laka in ta sha iska takan yi tsamin da ya wuce na kowace bishiya.

Malainar da ke tsaye a rage ta, a cire karkatattu da raunana, a bar masu kyau su yi kauri har shekara 15 ko fiye. Sauran ekar kar a yi mata iri ɗaya. A sa layukan agunmaniye mita 4 tsakaninsu, da sanduna masu tsawon mita 1 zuwa 1.5 a farkon damina, rabin mita tsakanin sanda da sanda. Bayan shekara a riƙa sare su daidai gwiwa zuwa ƙugu duk wata 2 ko 3, ana noman rogo da masara a tsakani. In an bar su ba sara, inuwa za ta cinye ribar. Itatuwan katako da na marmari a warwatsa su da tazara mai faɗi. Ta haka yara ba sai sun jira shekara 20 ba, gonar na ci tun yanzu. Kar kuma ka firgita in awo ya nuna ruɓaɓɓen ganyen ƙasa ya ɗan ragu a shekaru 5 na farko, haka sabon dashe ke yi saboda sharar fili da kaftu, daga baya yake hawa.

Ranar sara ita ce ranar da aka fi yi wa ƙasa illa. A ɓare ɓawon a gonar, a bar ganye da ƙananan rassa su ruɓe a wurin, gungume kaɗai ya fita. Masu sayen itacen wuta za su zo su ce za su share maka wurin kyauta, wannan kyautar takinka ce suke ɗauka. Kada a cinna wuta: naitrojin da ruɓaɓɓen ganye hayaƙi suke bi, tokar ta ɗaga pH na ɗan lokaci, ruwan farko ya wanke fotasiyam ɗinta. Haka sharar gindin bishiya da muka saba da ita a tsakar gida, a gona asara ce.

Awo da gyaran tsami

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan, adadin gyara sai an auna ƙasarka. Ka raba gonar biyu, gindin malaina da fili. A kowane ɓangare ka ɗebi ƙasa a wuri 15 zuwa 20 kana tafiya a karkace, ka kawar da ganyen sama tukuna. Ta santimita 0 zuwa 20 a bokiti ɗaya, ta 20 zuwa 40 a wani. Ka cakuɗa kowanne, ka ɗebi rabin kilo, ka shanya a inuwa, ka rubuta sunan wurin a jikin ledar. Leda 4 ke nan. Ɗakunan awon ƙasa na IITA da cibiyar binciken noma ta IAR&T a Ibadan, ko na jami'ar noma ta Abeokuta, suna wannan aiki. Ka ce a duba pH, kabon, kalsiyam, magnesiyam, fotasiyam, fosfaras da alminiyam. Bambancin da ka gani tsakanin ɓangarorin biyu shi zai gaya maka abin da malaina ta yi a shekara 10 a ƙasarka, in dai asalinsu ɗaya ne. A maimaita duk shekara 3, a wata ɗaya, a zurfi ɗaya, in ba haka ba lambobin ba za su kwatantu ba.

In pH ya gaza 5.5, maganinsa garin farin dutse ne, irin wanda ake siminti da shi a Ewekoro, wanda masu kayan noma ke sayarwa da sunan laim. Wanda ake kira dolomait ya fi, domin yana ɗauke da magnesiyam. A rairayi tan 1 a hekta mafari ne mai kyau, wato giram 100 a kowace murabba'in mita, kusan kilo 65 zuwa 70 a fuloti mai ƙafa 60 da 120, ko buhu 8 masu kilo 50 a eka. A watsa a cakuɗa da ƙasa wata ɗaya kafin shuka. Kar a zarce, rairayi ba ya ɗaukar da yawa, in ya haura 6.5 sai zinki da manganis su ɓuya wa shuka. Ka gwada abin da aka sayar maka da ruwan lemon tsami: garin farin dutse yakan yi kumfa, sai dai dolomait ba ya saurin yin kumfa.

Ka kuma sa ido a kan takin zamani, don sau da yawa shi ne mai laifin da ake ɗora wa bishiya. Buhun yuriya ɗaya na iya barin tsamin da sai kusan kilo 40 na laim ya kashe shi, takin salfa mai amoniya kuwa ya fi haka. Kashin kaji, wanda ba ya wuya a gonakin kaji na Epe da Ikorodu, yana kawo kalsiyam da fosfaras tare, sai dai a bar shi ya huce makonni kafin ya taɓa saiwar dashe. Idan sakamakon awon ya fito, ka turo lambobin leda huɗun tare da abin da kake son shukawa a kowane ɓangare, sai a fitar maka da adadin buhunan daidai. Allah ya ba da sa'a, Alhaji.